Ranar da Shafukan Suka Manne

Litinin, 23 ga Satumba, 2024

Kwalin ya iso. Littattafai goma sha biyu masu hotuna, manya-manya, daga wata ƙungiya mai tallafa wa makarantun firamare. Hedimasta, Oga Datong, ya tara mu malaman aji ɗaya zuwa uku a ofishinsa, yana ta washe baki kamar shi ya rubuta su. Daga gobe, kowace safiya minti ashirin, malami zai karanta wa yara labari da babbar murya. Wata mata ta zo tare da kwalin, Madam Nkiruka, haihuwar Jos ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Ta nuna mana yadda ake yi: ka ɗaga littafin a gefen kafaɗarka, hotunan na kallon yara, kai kuma ka karkato kai ka karanta ta gefe.

Kowa ya tafa. Ni ma na tafa.

Bari in rubuta a nan tunda babu mai buɗe wannan sai ni. Ba na gani sosai. Idon hagu shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe shi, na dama kuma tun bayan babbar sallah ya fara bin sahu. Rubutu sai na kawo shi dab da hancina. Wannan ma da maka, biron nan mai kaurin baki, nake rubuta shi, layi shida ya cika shafi. Shekara ashirin da shida ina koyarwa, abin da ke cikin littafin aji biyu duk yana kaina, a allo kuma manyan baƙi nake yi, sai a ce don yara ne. Babu wanda ya gane, har mijina Labaran da muke ɗaki ɗaya. Yanzu ga wannan mata da kwalinta.

Talata, 24 ga Satumba

Na ce wa yara na manta tabarau a gida, muka yi waƙa. Yana cikin jakata. Ya daɗe da daina amfani.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na sako littafi ɗaya a jaka na kawo gida. Bayan la'asar, Labaran yana shagon ɗinki, na zauna a bakin ƙofar kicin inda haske ba ya dukan ido, na bi shi kalma-kalma. Labarin wata yarinya ce, Kande, da takalminta ja ya faɗa rafi. Ruwa ya tafi da shi, ya wuce mai wanki, ya wuce mai noman dankali, ya wuce saniya tana shan ruwa, har ya shiga komar wani masunci. Buɗi goma sha huɗu ne.

Haddace shi na yi, yadda aka koya mana a Islamiyya: layi ɗaya sau goma, a ƙara na biyu, a koma farko. Kan nan nawa bai tsufa ba, Alhamdu lillahi. Kafin magariba na iya shi tas, na kuma san a wace kalma zan juya takarda.

Litinin, 30 ga Satumba

Ya yi. Na ɗaga littafin a kafaɗa, na karkato kai kamar mai dubawa, na zuba. Yara hamsin da biyu, rabi daga ɓangarenmu na Ali Kazaure da Dilimi, rabi daga Unguwar Rukuba, duk suka yi tsit. In na faɗi layi su maimaita da ƙarfi, yadda muka saba tun fil azal. Da takalmin ya shiga koma har tafi suka yi.

Oga Datong ya leƙo ta taga ya ce, “Yauwa, tsohon hannu.” Da ya sani.

Laraba, 2 ga Oktoba

Klaudiya, mai aji biyu na kusa da ni, ta ce ta ji mu ta bango. Wai Madam Nkiruka ta hana maimaitawa, cewa ta yi a bar yara su saurara, a riƙa tambayarsu abin da suka gani a hoto. Na ce mata da wannan maimaitawar aka yi likitoci da lauyoyi a garin nan. Ta yi dariya ta ce, “Maman Hussaina, ke dai ba a cin ki gardama.”

Ta yaya zan tambaye su? In yaro ya nuna abu ya ce mene ne wannan, me zan ce? Hannun da aka ɗaga a layin baya ma ba na ganinsa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yau Inna ce a raina. Ina aji huɗu aka kawo wani mai magani gidanmu, aka ce gwanin cire yana ne. Ƙannen Baba biyu suka riƙe mata kai, ya sa wani tsinke a idon. Kwana biyu tana cewa tana ganin haske, muna murna. A na uku idon ya kumbura. Shekara goma sha tara ta yi bayan nan tana lalube da bango, ni ke kai ta bayi kafin in tafi makaranta.

Na san asibiti ba haka yake ba. Hussaina, da tana gida, da ta yi min wa'azin awa ɗaya a kan wannan, ita mai karatun jinya a Bauchi. Na sani da kaina. Jikina ne bai sani ba. In na tuna ƙarfe zai taɓa min ido, sai in runtse shi ban shirya ba.

Sannan ga Malam Nura. Da kunnensa ya yi nauyi aka cire shi daga aji shida, yanzu yana bakin ƙofar makaranta a kan benci, shi ke kaɗa ƙararrawa yana tare masu latti. Mutumin da ya koyar da rabin malaman nan lissafi. Kullum na wuce shi sai in gaishe shi da sauri. In aka raba ni da aji ban san wace ce ni ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwa jiya har da ƙanƙara. Kwanon ofis ya yi yoyo daidai kan kabad ɗin littattafan. Klaudiya ta kwashe su ta shanya a kan dutsen bayan makaranta, ta danne da duwatsu. Na haddace uku yanzu, amma yaran na takalmin suke so, duk Litinin sai sun roƙa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Na ɗauko na takalmin ban duba ba. Me zan duba, littafin da na iya kamar sunana? Na ɗaga, na fara, suna maimaitawa. Wajen tsakiya na ji muryarsu ta ragu, wani ya yi ƙaramar dariya a baya, aka ce masa shiii. Na ɗauka sanyi ne ya hana su kuzari, har na daka musu tsawa su buɗe baki. Suka buɗe.

Na juya, na juya, sai na ji kwalin bango a yatsana. Littafi ya ƙare, ni kuwa da sauran layi huɗu a bakina.

Takardu biyu ne suka manne saboda ruwan nan, na juya su tare. Tun daga buɗi na shida, abin da nake faɗa daban, abin da ke gabansu daban. Da tara ta yi, lokacin hutu, na rufe ƙofa na kawo littafin hancina na bi. Inda na ce “ga saniya tana shan ruwa”, masunci ne tsaye da komarsa. Har nuna shi na yi da yatsa. Yara hamsin da biyu suna kallon mutum da gemunsa suna cewa saniya, saboda Malama ta ce saniya.

Babu wanda ya gyara min. Mu muka koya musu ba a gyara wa babba magana.

Talata, 15 ga Oktoba

Sun faɗa a gida, dole. Uwar Magadaliya 'yar ajina tana sayar da tumatir a hanyata, uban Gyang kuma yana kwamitin iyaye. Na bi ta wani lungu na zagaye. Duk wanda ya gaishe ni sai in riƙa sauraron yadda ya yi gaisuwar.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Shiru. Oga Datong ya kira ni ofis, na shiga ina jiran ya ɗauko maganar. Ashe jadawalin shara ne.

Laraba, 23 ga Oktoba

Wani abu na faruwa a ajin nan, kuma ya fi min tsawar Hedimasta ban tsoro.

Bokitin da ke bakin ƙofa, wanda na yi tuntuɓe da shi sau biyu, an mayar da shi bayan aji. Ban sa kowa ba. In na miƙa hannu neman alli, sai in ji an sa min a tafin hannu. Kuma yanzu duk wanda zai yi magana sai ya fara da sunansa. “Malama, ni ne Gyang.” Wata 'yar siririyar murya a layin gaba, ita ma, “Malama, ni ne Ana, zan je fitsari.” Da ba haka suke yi ba.

'Yan shekara bakwai. Sun sani, sun kuma haɗa baki sun rufa min asiri, ko kuwa tsorona suke ji, ban san wanne ba. Na yi musu faɗa yau a kan abin da bai kai ya kawo ba, don kawai in ji ni ce babba. Na dawo gida ina jin kunyar kaina.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Labaran ya shigo da rana fuska a ɗaure. Wai yayarsa ta kira shi, ta ce mun haɗu a kasuwar Taminus ranar Alhamis, ta tsaya a gabana tana murmushi, na raɓa ta na wuce. Wai tun da Hussaina ta shiga makarantar jinya na fara ɗaga kai.

Na ce hankalina ne ba ya wurin. Ya daɗe yana kallona, ina jin kallon ko da ba na ganin idonsa. Ya ce, “Safara'u, akwai abin da kike so ki gaya min?” Na ce miyata za ta ƙone. Gara a ce min mai girman kai.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Madam Nkiruka za ta dawo ranar Laraba ta sama, ta zauna a kowane aji ta ga yadda muke karatun. Da sabon littafi za ta zo, a nan take za ta miƙa wa malami, don a ga yadda yara ke karɓar labarin da ba su taɓa ji ba.

Na tambayi Oga ko za a ba mu mu duba tukuna. Ya ce, “Haba Malama, ke da za ki karanta shi ido rufe.”

Talata, 12 ga Nuwamba

Na shirya ƙaryar zazzaɓi, har na gwada muryar. Amma in ban je ba Klaudiya za a haɗa wa yara ɗari da huɗu, kuma matar za ta sake sa wata rana. 

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na je.

Ta zauna a baya kan bencin yara, Oga Datong yana tsaye a ƙofa. Ta miƙo min littafin, sabo fil, yana ƙamshin takarda. Na ɗaga a kafaɗa na buɗe. Kore da ruwan ƙasa, da wani abu ja a tsakiya, shi ke nan abin da na gani. Rubutun ƙasan kuwa wani baƙin zare ne kawai.

Aji ya yi tsit, suna jiran in faɗa su maimaita. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba.  Na ce a raina, yau bencin Malam Nura ya kira ni.

Sai na ji bakina ya ce, “Me kuke gani?”

Babu wanda ya motsa. Ban taɓa tambayarsu haka ba. Na sake faɗa. Can Ana ta ce, “Malama, ni ne Ana. Wani mutum ya ɗauki ƙofa a kan keke.” Wani ya ce ba ƙofa ba ce, tebur ne. Magadaliya ta ce ƙofa ce mana, ga wurin makulli. Kafin in ankara aji ya kaure. Na juya takarda, suka ce iska ta ture shi. Na ce to me zai yi yanzu? Wannan ya ce zai yi kuka, wancan ya ce matarsa za ta zo. Ashe akwai wani kare da ke ɓuya a kowane hoto, suka dinga farautarsa suna ihu. Fiye da wata biyu ina tare da yaran nan ban san suna da baki haka ba. Ni da nake riƙe da littafin, a bakinsu na ji labarin, kuma ya yi min daɗi, har na manta da matar da ke baya.

Da na tsaya a nan. Amma na ga rubutun bai karantu ba, sai dabara ta zo min. Na koma shafin farko na ce, “Wa zai karanta mana?” Na kira Gyang, don shi ne gwanina, na takalmin nan yana karanta shi ba gargada.

Ya fito, na ji ya ɗora yatsa a kan takardar. Ya gyara murya irin tawa, ya ce, “Wata rana Kande ta tafi rafi da jan takalminta.”

Yana jan yatsa a ƙarƙashin labarin mai keke, yana zuba na Kande, har da karkata kai. Bai san ya yi kuskure ba. A wurinsa karatu ke nan, haka ya ga Malama tana yi. Na kira wasu biyar. Biyu sun haɗa baƙi uku-huɗu da ƙyar, sauran shiru.

Bayan an tashi, Madam Nkiruka ta same ni ni kaɗai. Ta ce, “Malama, da na ba ki littafin, sai da kika shafa shi kika nemi sama da ƙasa.”  Ta ce mamanta ma haka ta yi ta ɓoyewa, aka yi mata aiki, yanzu ita ke zura zare a allura da kanta. Ta ce abin da ta gani a kan yara za ta rubuta, don aikinta ne. “Maganar idon kuma taki ce, ba zan riga ki ba.”

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ba aikin da zan rasa ne ya hana ni sukuni yau ba. Muryar yaron nan ce. Tun farkon zango ban duba littafin rubutun kowa da gaske ba, ja kawai nake yi da jan biro in rubuta “da kyau”. Na bara fa? Su suna aji uku yanzu.

Ina ta tsoron a kama ni, ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke ɗaukar nauyin ɓuyan nan nawa ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na gaya wa Labaran ranar Asabar. Ya ce tun watan azumi ya lura, yana jira ne in faɗa da bakina. Na ji haushi ƙwarai, na ce to me ya hana shi magana? Ya ce, “Ke ana yi miki magana?”

Yau kuma Oga Datong. Na shiga na faɗa a tsaye, ban zauna ba don kada in fasa. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce dole ya sanar da ofishin ilimi, tsari ne. Zai riƙe min ajin har a dawo hutu a Janairu, bayan nan ba a hannunsa yake ba. Ban roƙe shi ba, kuka ma sai da na fito.

Klaudiya ta ce za ta riƙa duba min littattafan rubutu kafin nan. Ta ce, “Da kin faɗa tun tuni, ke ma da taurin kai.” Har yanzu ina karatun safe. Ina ɗagawa, su gaya min hoton, sannan Klaudiya ta rubuto min kalma uku daga shafin da manyan baƙi, mu bi su harafi-harafi a allo. Gyang ya yi fushi da ni kwana biyu, wai na ce bai iya ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Ba wai na yarda ba ne. Labaran ne ya matsa muka je asibitin ido, kati kawai na karɓa. Sun rubuta Talata, idon hagu tukuna. Likitar ta ce minti ashirin ne, ina farke za a yi. Da ba ta gaya min wannan ba. Har yanzu ban yi wa kowa alkawarin zan kwanta a gadon nan ba. Jakar da na haɗa, don kada Hussaina ta iso gobe ta dame ni ne.

Na ce wa yara zan yi 'yar tafiya, Madam Klaudiya za ta riƙe su. Suka ce Allah ya kiyaye hanya. Ina tattara kayana sai na ji an ja min gefen hijabi.

“Malama, ni ne Ana. In kin dawo za ki gan mu?”

Na ce in Allah ya yarda. Na dafa kanta, kitso ne ƙanana guda shida. Wata uku yarinyar nan tana zaune taku biyu daga teburina, kuma in muka haɗu a hanya ba ta yi magana ba, wuce ta zan yi.

Talata ƙarfe bakwai suka ce. Na gaya wa Labaran ya nemo mai keke-napep tun shida.